Tubali Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Shekara ashirin da bakwai na yi ina riƙe da tubalin wani mutum. Yana kan teburina na ofis, a kusurwar dama, yana danne takardu don kada iskar fanka ta watsar da su. Fari ne mai ratsin ruwan ƙasa, kuma duk wanda ya ɗaga shi sai ya yi mamaki, domin ido yana sa ran nauyin dutse, hannu kuwa ya ji kamar busasshen soso. A gefensa akwai lamba arba'in da ɗaya, an zana ta da ƙusa tun yana ɗanye. Mai shi ya roƙe ni sau ɗaya tak in ba shi. Na ce masa gobe, kuma daga wannan rana ban sake ɗauko maganar ba, shi ma bai sake ɗaukowa ba.

Ina da shekara talatin da huɗu lokacin da na kama aiki a cibiyar binciken kayan masana'antu, sabon dawowa daga karatu, da digiri a jaka da girman kai wanda ya fi jakar. Aikin da aka ɗora mini a bakin faɗa ba shi da wuya. Ƙananan masana'antun narka ƙarfe suna shimfiɗe cikin tanderunsu da wani irin tubali mai jure wuta, wanda sai an yi odarsa daga nesa. Aka ce in samo musu madadinsa daga abin da ke kusa da su, wato yumɓu da tokar ɓuntun shinkafa, ɓuntun da injinan casa ke tarawa tsibi-tsibi ba su san yadda za su yi da shi ba. Idan aka dace, tubalin zai jure wuta, kuma zai tsare zafi a cikin tanderu, ta yadda man da ake ƙonawa zai ragu sosai.

Ɗakin tanderu yana can ƙarshen ginin, bayan an wuce duk ofisoshi masu labule. Tagoginsa suna sama kusa da rufi, kwanon rufin ya yi baƙi ƙirin, kuma da hantsi haske yakan sauko a karkace ya nuna ƙurar yumɓu tana yawo a iska. Tanderu biyu ne a ciki. Babba mai aiki da gas ana ce mata Goggo, saboda sai an lallashe ta kafin ta kama, in ta kama kuma ta wuni tana gunaguni. Ƙarama mai aiki da lantarki ita ce Auta. Wanda ya raɗa musu waɗannan sunaye shi ne mai kula da su, dattijon da kowa a cibiyar, har da Darakta, yake kira Baban Tanderu.

Ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar. Bai yi karatu mai nisa ba; daga wani kamfanin jan bulo aka ɗauko shi tun kafin a kafa wa cibiyar allon suna. Wuta ta cinye masa gashin gira tuntuni, abin da ya sa kullum fuskarsa take kamar ta mai mamakin abin da aka faɗa masa. Yakan leƙa ta ƙaramar kafar da ke jikin ƙofar Goggo, ya dubi launin wutar, ya faɗi zafinta kafin in duba ma'auni.

"Dubu da ɗari biyu, Dakta ƙarami."

"Ma'auni ya ce dubu da ɗari ɗaya da tamanin, Baba."

"To ka ba shi minti biyar, zai iso. Yaro ne, ba ya sauri."

Dakta ƙarami yake ce mini, domin Darakta ma dakta ne, kuma a ganinsa bai dace a haɗa mu a suna ɗaya ba. Da farko abin yakan sosa mini rai. Daga baya na wayi gari babu sunan da nake son ji kamarsa.

A makon farko na fito bayan ɗakin na tarar da shi a gaban rabin duro cike da ruwa, ya naɗe hannun riga yana cuɗa ɓuntu kamar mai wanki. Yakan jiƙa shi ya kwana, washegari ya tsiyaye ruwan, wanda ke fitowa ja-ja-ja kamar shayi, ya sake ɗauraye shi sau biyu, sannan ya baza shi a kan tsohon kwano ya bushe kafin a ƙona shi ya zama toka.

Na ce, "Baba, wannan wace irin wahala ce? Wuta ce fa za ta cinye shi."

"Dakta ƙarami, ka ga abin da ke ciki kuwa? Ƙasa, kashin ɓera, har guntun takalmi na taɓa tsinta. Goggo ba ta cin ƙazanta."

"Ai a dubu da ɗari biyu babu kashin ɓeran da zai tsira."

"Ban ce zai tsira ba. Na ce ba na ba ta. Riƙe mini tiyon nan, tunda ka zo."

Na riƙe masa tiyon. Ruwan ya fantsamo ya jiƙa mini sababbin takalma na fata, masu ruwan goro, waɗanda na saya musamman don fara aiki. Da suka bushe sai wani farin zane ya fito a kansu, kamar bakin gaɓar kogi, kuma babu man da ya iya goge shi. Baba ya yi ta dariya har da riƙe ciki, yana cewa yanzu ne na kama aiki na gaskiya, tunda ɗakin tanderu ya sa mini hatimi. Na ambaci takalman nan ne domin a san cewa na ga wankin da idona, na taimaka a kansa da hannuna, kuma na yi shekara biyu ina yawo da shaidarsa a ƙafata.

Wata goma sha huɗu muka yi muna gwada haɗi. Ni ke lissafa yawan yumɓu da yawan toka, shi ke kwaɓawa, ya danna a injin matsa, ya zana lamba da ƙusa, ya jera su a inuwa. Waɗansu suka tsage tun kafin su shiga wuta. Waɗansu suka fito da kyau a ido, amma da an ɗora musu nauyi sai su marmashe. Yana da hanyarsa ta gwaji wadda ba ta cikin kowane littafi: yakan ɗora tubali a kan yatsu uku, ya ƙwanƙwasa shi da makullin ɗakin, ya kara kunne.

"Wannan mura yake yi," in ji shi, ya ajiye. "Wannan kuwa ya riga mu gidan gaskiya, ba a dai sanar da danginsa ba."

Ban taɓa ganin injin gwajin ƙarfi ya ƙaryata kunnensa ba, ko da yake ban taɓa faɗa masa haka ba.

Waɗannan watanni su ne mafi daɗi a rayuwata ta aiki, kuma ban san haka ba sai da suka wuce. Da azahar mukan zauna a kan buhunan yumɓu, ya ɗora butar shayi a kan rufin Auta, wadda ya ce ita kaɗai ce a cibiyar take aiki biyu ba ta ƙorafi. Yakan ba ni labarin mai ɗakinsa, wadda kullum take ce masa duk mazan unguwa suna dawowa da abin nunawa, kafinta da kujera, tela da riga, shi kuwa ba ya dawowa da komai sai warin hayaƙi.

"Ta ce wai ko dai gasa masara nake yi a bakin titi ina ɓoye mata. Ka ji fa, Dakta ƙarami. Shekara ashirin da aure."

Haɗi na arba'in da ɗaya ya fito daga cikin Goggo wata ranar Laraba da safe. Baba ya bari ya huce, ya ɗora shi a kan yatsu, ya ƙwanƙwasa. Ƙarar da ta fito siririya ce mai tsawo, irin ta kofin tangaran mai kyau, ta daɗe tana yawo a ɗakin kafin ta ɓace. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya dube ni da fuskar nan tasa marar gira, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Muka mayar da 'yan'uwansa wuta sau talatin, muna zafafawa muna hucewa, ko tsaga ɗaya ba su yi ba. Aka hura wuta a fuska ɗaya ta tubalin har ta yi ja, na ɗora tafin hannuna a ɗaya fuskar na ji ɗumi kawai.

Ran nan ne ya roƙe ni.

"Dakta ƙarami, in an gama da wannan na farkon, a ba ni shi. In kai wa matar nan ta ga masarar da nake gasawa."

"Gobe, Baba. Bari a ɗauki hotonsa saboda rahoto."

Aka ɗauki hoton. Tubalin ya zauna a teburina domin baƙi suna ta zuwa ganinsa, kuma ina jin daɗin yadda suke ɗaga shi suna mamaki.

Na rubuta rahoton cikin mako uku. Da na zo sashen da ake bayyana yadda aka yi aikin mataki-mataki, na tuna da rabin duron nan. Har na rubuta rabin jimla a kansa, sannan na soke ta. Ba mantuwa na yi ba, kuma ba zan fake da ita ba. Gani na yi wankin ɓuntu a duro aikin tsakar gida ne, ɗabi'ar dattijo mai tsabta, abin da zai sa masana su yi murmushi idan suka karanta. Na so rahotona ya fito da kamala, duk lambobi da ma'aunai. Saboda haka na rubuta cewa a ƙona ɓuntu a zafi kaza na tsawon awa kaza, na wuce.

Wata masana'antar narka ƙarfe ta karɓi rahoton, ta bi shi layi-layi kamar yadda ya kamata. Suka kwaso ɓuntu daga injin casa suka ƙona shi yadda yake, suka buga tubali dubbai, suka shimfiɗe babbar tanderunsu. Kwana goma sha tara tana aiki. A rana ta ashirin fuskar tubalan ta narke ta zama kamar gilashi, ta zubo, bangon ciki ya rufta a kan narkakken ƙarfe. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni, amma tanderun ta tashi daga aiki, kuma sunan cibiyarmu ya shiga bakin mutane.

Aka kafa kwamiti. Muka zauna a ɗakin taro mai dogon tebur, Darakta a kai, ni a gefensa na dama, Baba kuma a can ƙarshe, a kan kujerar da aka jawo masa daga waje. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Aka karanta masa matakan da na rubuta, aka tambaye shi ko haka yake yi.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Sai dai wankin da ba a faɗa ba."

"Wane wanki?"

Ya bayyana musu duro da jiƙo da ɗauraya, dalla-dalla, har da kashin ɓeran, ba tare da ya san yana haƙa wa kansa rami ba. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya yi dariya. Darakta bai yi ba. Ya ce ashe ke nan duk sakamakon da cibiya ta fitar an gina shi ne a kan kayan da ma'aikaci ya sarrafa yadda ya ga dama, ba bisa tsarin da aka rubuta ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Dakta, ka san da wannan?"

A daidai wannan lokaci na riga na gane abin da ya faru. Tun Baba yana magana na tuna da farin zanen da ke kan takalmina, na tuna cewa ruwa ba ya barin irin wannan zane sai in ya ɗauko gishiri. Akwai wani gishiri a jikin ɓuntu, dangin kanwa, wanda idan ya haɗu da yumɓu a wuta yakan sa shi narkewa tun zafi bai kai ko'ina ba. Wankin Baba shi ke fitar da shi. Ba ɓata aikin ya yi ba. Shi ne aikin. Duk wannan ya bayyana a kaina sarai kafin Darakta ya rufe baki, kuma tare da shi na ga abin da zai biyo baya in na ce na sani: ni ne na ga matakin, na raina shi, na cire shi daga rahoto, na jawo rushewar tanderun mutane.

Na ce, "Ba ya cikin tsarin da na rubuta, ranka ya daɗe."

Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a wannan jimla, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta girma ba. Baba bai dubi fuskata ba. Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙarƙashin tebur, inda ƙafafuna suke. Takalman ne a ƙafata.

Ba a kore shi ba. An rubuta masa takardar gargaɗi, aka ɗauke shi daga ɗakin tanderu aka mayar da shi sito, inda yake miƙa wa mutane safar hannu da kwalabe ta wata ƙaramar taga. Ni kuwa na koma na yi gwajin da ya kamata in yi tun farko: ɓuntu wankakke a gefe ɗaya, marar wanki a ɗaya gefen, na kuma aika ruwan jiƙon aka auna abin da ke cikinsa. Sakamakon ya fito yadda na sani zai fito. Bayan shekara biyu na buga shi a wata babbar mujalla, kuma wannan takarda ita ce ta yi mini suna. Masana'antu da dama suna amfani da tubalin a yau. Ɗalibai suna kiran matakin jiƙon da sunana, ina ji, ban taɓa gyara musu ba.

Na sha gaya wa kaina cewa zan je wurin Darakta in warware maganar idan ƙura ta lafa. Da ƙurar ta lafa sai na ga tayar da ita zai fi cutarwa. Nakan bi ta doguwar hanya don kada in wuce ta gaban tagar sito. In kuwa muka yi kiciɓis, yakan gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali, amma Dakta yake cewa. Ƙaramin ya faɗi daga sunan, kuma ni kaɗai na san nauyin abin da ya faɗi.

Mai ɗakinsa ta rasu shekara guda bayan zaman kwamitin. Na je gaisuwa da tubalin a cikin mota, naɗe cikin jarida. Na zauna cikin mutane, na yi addu'a, na tashi, na komo da shi. Bayan shekara huɗu ya nemi ritaya tun lokacinsa bai yi ba.

A watan jiya ne nawa lokacin ya zo. Aka ba ni mako biyu in kwashe kayana, kuma a cikin makonnin ne masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da abin yanka suka farfasa Goggo, domin an kawo sababbin tanderu masu aiki da kwamfuta. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo har suka fitar da ƙofarta, da 'yar kafar nan da Baba yake leƙawa. Uwargidana ta zo taya ni ɗaure littattafai. Mace ce mai ƙarancin magana, amma shekara talatin ba ta bar mini wurin ɓuya ba. Ta ɗauki tubalin tana juya shi.

"Wannan ma gida za shi?"

"Ajiye shi tukuna."

"Malam, kujerar nan ka ce taka, fankar nan da ba ta juyawa ka ce taka, har kwandon shara. Wannan kaɗai ne tun da nake zuwa ofishin nan ban taɓa jin ka ce nawa ba. Kullum tubalin nan kake cewa. Na wane ne?"

Na gaya mata. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma na yi mamakin yadda labarin da ya cika mini shekara ashirin da bakwai bai ɗauki minti goma ba. Ta saurara har na gama, ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba.

"Yana da rai?"

"An ce yana nan. Wurin 'yarsa."

"To ni dai ba za a kai mini kayan mutane gida ba. Ɗakin ya cika da naka ma." Ta zare ɗankwalin da ta ɗaure jakarta da shi, ta naɗe tubalin, ta miƙo mini.

Washegari da hantsi na tafi. Unguwar tana bayan injinan casa, kuma har yanzu ɓuntu yana taruwa a bakin hanya, sai dai yanzu manyan motoci suna zuwa kwasarsa. Na ajiye mota a bakin kwalbati na ƙarasa da ƙafa, ina tambaya, har wata mai sayar da gawayi ta nuna mini ƙofa mai shuɗin fenti. 'Yarsa ce ta buɗe, mace mai kimanin shekara arba'in, da rigar aikin jinya a jikinta, da alama daga aiki ta dawo. Da na faɗi daga inda nake, fuskarta ta canja kaɗan, amma ta yi mini iso.

Yana zaune a kujerar roba a inuwar bango, da rediyo a cinya. Ya rame ƙwarai, idanunsa sun yi fari. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi. Ya karkata kai, kamar yadda yake yi wa tubali.

"Wannan murya na san ta. Sake magana."

"Ni ne, Baba."

"Dakta! Ikon Allah. Ke, kawo wa Dakta kujera, mai kyan, ba wadda ta ci amanar limamin unguwa ba. Dakta, kana nan? An ce ka zama babba har ba a ganinka sai da takarda."

"Na yi ritaya, Baba."

"Kai ma? To wa aka bar wa Goggo?"

Na gaya masa. Ya kashe rediyon.

"Ta yi ƙoƙari," in ji shi. "Wanda aka bar wa ita bayana yana buɗe ta da zafi. Ina sito ina jin ƙarar ƙofar, in ce yau ma an ci zalin baiwar Allah."

'Yar ta kawo ruwa ta juya za ta koma ciki. Na roƙe ta ta tsaya, domin abin da na zo faɗa ya shafe ta. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ta harɗe hannuwa.

Na shirya jawabi a mota, mai gabatarwa da dalilai. Da na buɗe baki sai duk ya watse. Na ce, "Baba, ranar kwamiti na san kana wanke ɓuntun. Na riƙe maka tiyo. Wankin nan shi ne ya sa tubalin ya yi kyau, kuma ni ne na cire shi daga rahoto don na raina shi. Laifin rushewar tanderun nan nawa ne. Na bari aka ɗora maka, daga baya kuma na ci sunan aikinka."

Ina jin injin casa yana aiki daga nesa.

"Takalman nan masu ruwan goro," in ji Baba a hankali, "suna nan?"

"Sun daɗe da mutuwa."

"Ai na so in ce a duba ƙafarka ran nan. Har na buɗe baki. Sai na ga yaro ne, ga mata, ga jariri, ga shi ya firgita kamar an kama shi da kazar maƙwabta. Na ce bari ya huce, zai faɗa da kansa. Tubali ma ba a buɗe masa ƙofa da zafi." Ya shafa inda girarsa ya kamata ta kasance. "Ban dai zaci hucewar za ta kai haka ba, Dakta."

"Ka yafe mini, Baba."

"Sito bai dame ni ba. Akwai inuwa, babu mai tsawa. Sunan ma da ka ci, ni ina zan kai shi? Abu ɗaya ne." Ya nuna wajen da 'yarsa take tsaye, bai daidaita ba, ya nuna bango. "Uwar wannan ta tafi tana zaton na ɓata wa hukuma aiki. Ba ta taɓa faɗa ba, amma ta daina tsokanata da maganar masara. Da ta daina na san ta yarda. Wannan kam ba ni ke da yafe shi ba, kuma mai yafewar ba ta nan."

'Yar ta ce, "Ina aji shida aka ce mana a makaranta babanmu ya rushe tanderun kamfani. Har faɗa na yi a kai, aka fasa mini leɓe." Ta dube ni ido cikin ido. "Ashe ina da gaskiya."

"Kina da gaskiya," na ce.

Sai na kwance ɗankwalin, na kama hannunsa na dama, na juya tafin sama, na ɗora masa tubalin. Hannun ya yi sama kaɗan, domin ya yi shirin nauyi bai samu ba. Yatsunsa suka bi gefen a hankali har suka tarar da zanen ƙusa, suka tsaya, suka sake bi.

"Arba'in da ɗaya," in ji shi. "An gama ɗaukar hoton ke nan?"

"An gama, Baba."

"To madalla. Ke, ba ni makullin ƙofar nan."

Ta ciro shi daga aljihun rigarta ta sa masa a hannu. Ya ɗora tubalin a kan yatsu uku, ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito siririya mai tsawo, yadda ta fito ranar Larabar nan, ta zaga tsakar gidan.

"Matso kusa," ya ce wa 'yarsa. "Kawo kunnenki nan, ki ji abin da ubanki yake yi a wurin aiki. Dakta ƙarami, kai kuma ja kujerarka baya, kana tare mata hanya."

Na ja kujerata baya.